Hanyar da Dije Ta Shimfiɗa wa Badaru

"Wai duwatsun nan da aka jibge a bakin ƙofa na wane ne?"

"Ba duwatsu ba ne, intalok ne. Na Maman Mufida."

"Mai waina? Me za ta yi da shi, gidan mai za ta buɗe?"

"Tsakar gida za ta shimfiɗa."

"A gidan haya? Lallai waina ta yi albarka."

"Ke dai matsa ki duba da kyau. Ja, baƙi, ruwan toka, wani ba kunne, wani ba hanci. Rijet ne, wanda masu kuɗi suka ƙi."

"Shi mijin yana ciki?"

"Yana ciki. Rabon da in gan shi an fi wata guda."

"Allah sarki. Janye bokitinki, layina ne."

A bakin famfo aka yi wannan hira, a wani lungu na Agege bayan layin dogo. Dije, wadda unguwa ke kira Maman Mufida, tana bayan katanga tana wanke tanda, kuma ba abin da ya wuce kunnenta. Ta kife tandar, ta goge hannu da gefen zani, ta fita ta ci gaba da ware intalok ɗinta.

Dije 'yar wani ƙauye ce a gefen Malumfashi. Shekara ashirin da shida ke nan da ta sauka Legas a gaban motar albasa, ita da mijinta Badaru da akwatin ƙarfe guda. Ranar farko ta tambaye shi ta ina ne bakin garin, tana so ta san inda ake zuwa itace. Ya yi dariya har ya dafa bango. Yarbanci kuwa a bakin tanda ta koye shi: da fari ciniki, sannan zagi, gaisuwa ce ta zo daga ƙarshe. Yanzu idan tana sa'insa da kwandastan danfo, motar hayar Legas, sai ka ga fuskarta kafin ka yarda Bahaushiya ce. Ta haihu uku, Mufida ce ta rayu, tana aure a Shagamu. Kullum da sassafe Dije na ƙofar gida da waina da miyar taushe, kafin hantsi ta sayar ta shige.

Badaru ɗan dako ne a kasuwar Mile 12. Shekara ashirin da huɗu yana sauke kwandon tumatir da buhun albasa daga kan tirela. Wata Talata da safe ya dire kwando, ya je wajen mai shayi, aka miƙo masa kofi, hannunsa na hagu ya ƙi karɓa. Abokan aikinsa ne suka kai shi asibiti. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Baki ya dawo daidai cikin mako biyu, hannu ya ɗan saki, ƙafar hagu ce ta rage, sai dai ya ja ta. Likitar gashin ƙashi ta kira Dije gefe ta yi mata magana ba ɓoye-ɓoye: kullum ya taka ta, ko ba ya so. In ya bar ta kan katifa wata uku ko huɗu, za ta sandare, kuma ba wanda zai iya dawo da ita.

Ya fara takawa, ba a ce bai fara ba. Matsalar tsakar gidan ce. Ɗakinsu shi ne na ƙurya, daga bakinsa zuwa ƙofar gida taku ashirin da uku ne ga mai lafiya. Simintin da aka taɓa yi ya farfashe tun kafin su tare. Damina ta faɗi, ruwan wanki da na sama suka haɗu, 'yan haya suka jejjera katako da guntayen bulo ana tsallakawa. Rana ta huɗu ƙafarsa ta sarƙe da bakin katako, ya kife cikin taɓo a gaban mata suna wanki. Mata biyu ne suka ɗaga shi. Mutumin da ke ɗaukar kayan da sai mutum biyu sun ɗora masa. Tun daga ranar bai sake leƙo waje ba. Sallah a zaune, alwala a roba, taga a rufe rabi.

"Malam, ko nan da bakin randa."

"Ki bar ni."

"Likita ta ce..."

"Likita ce ta faɗi ko ni?"

Haka kwanaki suka yi ta tafiya, Dije na ƙirga su a zuci.

A hanyarta ta zuwa niƙan shinkafa akwai wani filin buga bulo da intalok na wani dattijo Bayarabe, Baba Lukumanu. Ta fi shekara goma tana wucewa ta gabansa ba ta taɓa ɗaga kai ba. Ranar ta tsaya, don ta tuna a asibiti Badaru ya yi tafiya mai kyau a kan irin waɗannan duwatsun da ake saƙawa kamar tabarma. Ta tambayi kuɗin sababbi, ya faɗa, ta ce masa sai an jima. Har ta juya, sai ta hango wani tsibi a bayan injin, ciyawa ta fara fitowa ta tsakaninsa.

"Waɗancan fa?" ta tambaya da Yarbanci.

"Rijet ne, Iya Mufi. Wasu ragowar aikin wani otal ne a Ikeja, wasu kunne ya ɓare wajen cirewa, wasu rini bai kama ba."

"Suna karyewa?"

Ya ɗauki ɗaya ya sake shi a kan kankare. Ya yi ƙara, bai yi komai ba.

"Ki kwashe a rabin kuɗi, ki share min wurin."

"Rabin kuɗin abin da ka zubar? Baba, ai kai ya kamata ka ba ni ladan shara."

"Ah! Matan Hausawa. Wa ya koya miki wannan bakin?"

"Matanku."

Suka yi ta ja har ya sallama a kashi ɗaya cikin uku. Ta tsuguna ta zaɓa da kanta, yadda take zaɓen ƙwai: ta duba fuska, ta duba kusurwa, ta ƙwanƙwasa ta saurara. Abu ɗaya ne ba ta yi ba, ba ta taɓa ajiye biyu kafaɗa da kafaɗa a wuri ɗaya sumul ta duba tsayinsu ba. A watse suke cikin tsibi, ba a jere ba, kuma ba wanda ya ce mata akwai abin dubawa a nan.

Mai gidan, wata Alhaja da ke zaune a Ikorodu, a waya ta ba da izini. "Ki shimfiɗa har kan kwano in kina so. Amma ranar da za ki tashi, ba ki cire min ko ɗaya."

Boubacar ne ya kwaso su. Mutumin Maraɗi ne, magidanci, yana haya a ɗakin bakin ƙofa, sana'arsa tura kurar ruwa. Ya sauke jarkokinsa ya yi sawu bakwai. A sawu na ƙarshe ya ce, "Maman Mufida, mu can pabe muke ce musu. Amma wallahi wasu sun fi wasu nauyi."

"Ruwa suka sha," in ji Dije.

Ta kira birkila ya zo ya duba. Ya auna da ido, ya lissafa aikinsa, ya ɗora da hayar inji. Ta ce injin me? Ya ce wanda ke dukan ƙasa ta kwanta kafin a jera.

"Dukan ƙasa kawai yake yi?"

"Shi ke nan aikinsa."

"Daɓe ke nan. Je ka, na gode."

Daɓe dai Dije ta san shi tun ba ta fara ɗaura kallabi ba. A ƙauyensu idan za a yi wa amarya ɗaki, mata ake gayya. A zuba marmara, a yayyafa ruwa, kowace ta durƙusa da madaɓinta na icce, a yi ta duka ana waƙa har ƙasa ta yi sumul, a bi ta da ruwan makuba ta yi ƙyalli. Uwarta ce ke ba da waƙa a duk unguwarsu. A Agege ba madaɓi, sai ta zana wa wani kafinta siffarsa a ƙasa, ya yanko mata shida daga ragowar katako. Ba makuba, ta haƙura. Boubacar ya kawo jar ƙasa daga inda ake haƙa kwata.

Ranar Asabar da hantsi mata biyar suka amsa gayya. Cikinsu har da Asama'u, maƙwabciyar ɗakinta, haifaffiyar Agege, wadda ba ta taɓa wuce Ibadan ba. Ta juya madaɓin a hannu tana kallonsa.

"Mama, tsaya. Da hannu? Duk nan? Ah-ah, wannan ai fanishimen ne."

"Uwarki da haka aka yi mata ɗaki."

"Uwata a Mushin aka haife ta, abeg."

"To kakarki. Durƙusa."

Suka durƙusa. Dije ta ɗauko waƙa, sai ta tarar rabin baitocin sun gudu daga kanta. Duk inda ta manta sai ta cusa sunan tasha, Oshodi, Ikeja, Iyana Ipaja, matan na amsawa da muryar kwandasta. Wata Bayarabiya daga gidan gaba ta leƙo ta ga abin da ake, ta koma ta dawo da taɓarya. Kafin azahar hanya ta fito, faɗin kamu uku, daga bakin ɗakin Badaru har ƙofar gida, ja, sumul, kamar bayan faranti. Tagar ɗakin dai ba ta motsa ba.

Aka bar ta kwana biyu ta sha iska, Allah ya taimaka ba a yi ruwa ba. Ranar Talata Dije da Boubacar suka fara jeri. Layi na farko, na biyu, na uku. Ta miƙe ta ja da baya don ta ga kyan aikinta, sai ta ga haƙora. Wannan ya ɗaga, wancan ya nutse, na gabansa ya sake ɗagawa. Bambancin bai fi kaurin yatsa ba. Mai lafiya zai bi ta kai bai ma sani ba. Ƙafar da ake ja kuwa, kowane ɗaya tarko ne.

Boubacar ya ɗauki biyu ya haɗa bayansu. "Wala, ga shi nan. Wannan ba ɗan uwan wannan ba ne." Ya sosa ƙeya. "Kuma na tuna, da ana aikin pabe a Maraɗi, a kan yashi suke ɗorawa, mai laushi, kowane ya nutse gwargwadonsa. Ke kin daɓe ta har ba ta karɓar baƙo."

Dije ta kife bokiti ta zauna a kai. Ta daɗe tana kallon daɓenta. A duk abin da ta iya a duniya, shi ne ta fi iyawa, kuma shi ne ya fito da aibin kayan fili.

Washegari ta koma wa Baba Lukumanu da guda biyu a leda.

"Ai shi ya sa suke da araha," in ji shi. "Siririn na tafiyar ƙafa ne, mai kaurin na inda mota ke bi. Ba ki tambaya ba."

"Kai ma ba ka faɗa ba."

"Me za ki yi da su ne wai? Shago?"

Ta gaya masa. Dattijon ya cire hularsa ya mayar. Bai ce a dawo da kaya ba, bai ce zai canza ba, amma ya kira mai baro ya ce a kai mata ƙurar dutse baro uku, kuma kada a karɓi komai a hannunta.

Aikin sai ya koma na ɗaya-ɗaya. Ta baza ƙurar dutsen a kan daɓen. Mai kauri ta kwashe masa ƙasa ya zauna, siriri ta ƙara masa ya taso, ta bubbuga da madaɓi, ta ɗora katako a kai ta leƙa ta ƙarƙashi ko haske na wucewa. Kullum in ta tashi daga waina, nan take har la'asar. Fatar yatsunta ta ɗaye. Boubacar in ya dawo daga zagayen ruwa ya kama mata, yana ɗaure gefe da siminti don kada jeri ya buɗe. Kwana huɗu suka yi.

Da ido dai hanya ta yi. Amma Dije ta riga ta ga yadda ido ya cuce ta sau ɗaya. Ranar Lahadi da rana ta shiga ɗaki ta ɗauko silifas ɗin Badaru na hagu ta saka. Ta tsaya a farkon jeri, ta sandarar da gwiwa, ta karkata kafaɗa, ta fara jan ƙafa a hankali tana jin inda za ta sarƙe.

Asama'u na shanya, ta waiwayo, dariya ta ƙwace mata. "Wayyo Mama! Wallahi sak!"

Tagar ɗakin ƙurya ta rufe da ƙarfi.

Asama'u ta toshe baki. Dije ta tsaya cak da silifas a ƙafa ɗaya. Sannan ta cire shi, ta je ta zuba abinci, ta shiga da sallama. Badaru na zaune bakin katifa, ya juya wa ƙofa baya.

"Ga abinci, Malam."

"Na ƙoshi."

"Tun koko fa."

"Na zama abin kwaikwayo a gidan nan. Sai ki sa a riƙa biyan kuɗin kallo."

"Hanya nake gwadawa."

"A gaban mata."

"A gaban matan ka faɗi. In ba a gabansu na gyara ba, a ina zan gyara?"

Ta ji nauyin maganar bayan ta fita daga bakinta, amma ba ta janye ba. Ta ajiye kwanon, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Ya kalli hannayenta, ta ɓoye su cikin zani. Daga waje ana jin mai gyaran takalmi yana buga akwatinsa yana wucewa.

Can ya ce, "Kuma ba haka nake jan ta ba."

"Na'am?"

"Ke da diddige kike ja. Ni gefen ƙaramin yatsa ne ke fara taɓa ƙasa. Duk gwajin da kika yi na banza ne."

"To ni ina na sani? Ƙafar ba tawa ba ce."

"Kin dai ɓata wa mutane tsakar gida."

"Na ɓata. Gobe sai in kwashe in mayar da katako."

Ya yi tsaki. Ya kalli sandarsa da ke jingine a kusurwa, ya kau da kai, ya sake kallonta.

"Wa ke waje?"

"Asama'u da matan wanki."

Sai ya miƙa hannun dama ya jawo sandar. Ta yunƙura za ta kama shi, ya ce kada ta taɓa shi. Ta tura masa silifas, ya ture su da sanda.

"Ba takalmi?"

"Shekara ashirin da huɗu kwando na kaina, kin taɓa jin ɗan dako ya sunkuya ya kalli ƙasa? Tafin ƙafa ke gaya mana komai. Ɓawon ayaba, ruɓaɓɓen tumatir, bakin kwata, tun kafin in ɗora nauyi na sani. Ƙafar daman nan ba abin da ya same ta."

Ya ɗaga labule. Hasken rana ya sa ya runtse ido. Matan wanki suka bar wanki suna kallonsa. Asama'u ce ta fara juya baya, ta kama wani zani tana matsa da ƙarfi, ta zunguri ta kusa da ita da gwiwar hannu, ita ma ta juya. Cikin ɗan lokaci duk sun ba shi baya, kowace ta sami abin da ya fi ƙarfin hankalinta a cikin baho.

Badaru ya ɗora ƙafar dama a kan intalok na farko, ya shafa shi da tafi hagu da dama. Ya jawo ta hagun. Ta wuce. Ya sake takawa.

"Wannan ya ɗaga."

Dije ta ruga bakin murhu ta ɗauko gawayi, ta yi masa alama.

"Wannan yana rawa. Wa ya jera nan?"

"Boubacar."

"Ƙarya ne, aikinki ne."

"Nawa ne."

Haka suka tafi, shi a gaba yana kushe, ita a baya a sunkuye tana zane. A taku na tara ya tsaya ya dafa bango, gumi na bin wuyansa, ƙafar hagu na karkarwa. Ta ce ko a kawo kujera. Ya ce ba hutawa yake ba, yana sauraron wani intalok ne da bai yarda da shi ba. Ta ce to. Suka tsaya yana sauraro har numfashinsa ya dawo.

Saura kamar taku uku a kai ƙofa, jeri ya ƙare. Daga nan sai jan daɓe tsirara.

"Nan fa?"

"Sun ƙare. Na ware masu ɓarakar da ta yi yawa, ban yarda da su ba."

Ya sauke ƙafa a kan daɓen, ya shafa, ya sake shafawa. Ya jawo ta hagun, ta bi shi sulu ba ko ƙara.

"Nan ya fi ko'ina kyau."

"Ruwa biyu zai wanke shi."

"Na sani. Cewa na yi ya fi kyau."

Dije ta dubi gawayin da ke hannunta, ta rasa inda za ta zana. Ta ɗaga gefen mayafi ta goge fuska, wai gumi.

Ƙofar gida a buɗe take, amma Boubacar ya dawo cin abinci ya gicciye kurarsa a bakinta, jarkoki goma cike. Ta saman jarkokin Badaru na hango kawunan mutane suna wucewa, da rufin wani danfo, da rumfar mai shayi inda ya saba zama da yamma. Wani a rumfar ya ɗago kai, ya tsaya da kofi a hannu, ya taɓa na kusa da shi.

Badaru ya gyara riƙon sanda. Ya yi gyaran murya, muryar da ya saba ratsa kasuwa da ita, ya tarar tana nan.

"Boubacar! Don Allah fito ka janye kurar nan, zan wuce."